Ranar da na ba Matthäus kofi

Kun dai san bana mu biyu aka ɗauka mu riƙa koyar da rahoton wasanni a sashen aikin jarida, ni da mutumin nan namu mai sharhin rediyo. Ni rubutu, shi murya. Yadda aka yi aka haɗa mu aji ɗaya kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Mako na huɗu darasin shi ne rahoton da ake rubutawa ana tsaka da wasa, a tura da zarar an busa usur ɗin tashi. Har yau ina nan kan bakana, bayanin da na yi ba shi da makusa. Na ce wajen awa ɗaya kafin take wasa ake raba takardar jerin 'yan wasa, ka kwafe suna da lambar riga, domin daga inda 'yan jarida ke zama lamba ake gani, fuska sai mai rabo. Ka raba shafin littafinka biyu, kowace ƙungiya da gefenta, duk abin da ya faru minti za ka fara rubutawa. Rahoto kashi uku ne: kai, ciki da jela. Ciki ake fara rubutawa, a minti 15 na hutun rabin lokaci ka gama kalma 250. Kafin minti na 75 ka tanadi kai uku, na nasara, na canjaras, na shan kashi, kowanne kar ya wuce kalma 35, ya faɗi wa ya ci, nawa da nawa, a ina. Sai na buga tebur na ce idan wasa ya juya a ƙarshe kowa yana tuna canza kai, jela ce ke kashe ɗan jarida, saboda tun da wuri aka rubuta ta, lokacin da ake ganin an san inda wasan ya dosa. Sau biyu na sa suka maimaita.

Na karɓe wayoyi, na kunna musu minti 25 na ƙarshe na wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 26 ga Mayu, 1999, tsakanin Bayern Munich da Manchester United, a filin Camp Nou na Barcelona. Ba a haifi ko ɗayansu ba a lokacin. Bayern Munich na gaba da ɗaya, bugun tazarar Mario Basler tun minti na 6. Scholl ya bugi turke, Jancker ya bugi ƙarfen sama, aka cire Matthäus, tsohon hannun Bayern, a minti na 80. Duk mai hankali kan Bayern zai rubuta. Tarkon ke nan.

Na ce ni ma zan rubuta nawa tare da su, su ga yadda ake juya rahoto cikin minti uku. Gaskiyar magana, tun daren jiya na rubuta abina. Ba tsoro ba ne, yatsun ne ba kamar da ba. Rahoton Bayern na shafi ɗaya, sabon kai na Manchester United na wani shafi da na sa wa suna "Kar ɗalibai su gani". Wasan a talabijin yake, kwamfutata kuma na haɗe da majigin da ke haska bangon bayana, amma na danna maɓallin da ke rufe hoton.

To, mutumin namu. Ba ranarsa ba ce, ba wanda ya gayyace shi, ya zo wai ya ga yadda masu rubutu ke wahala. Tun farkon zango yake gaya wa yaran nan cewa mu muna da abin gogewa, shi kuwa in kalma ta fita ta fita. Shi ne ya tafi da alƙalumana na allo guda uku, baƙi biyu da ja ɗaya, ya ce aro. Kuma ba ya iya kallon ƙwallo da baki a rufe, ko wasan da ya kalla sau hamsin ne. Da Beckham ya nufi kusurwa, Schmeichel ya baro ragarsa ya taho, sai ga shi ya miƙe yana neman ƙara murya. Ya ɗauki rimot. Na majigi ya ɗauka. Ya rantse kuskure ne, alhali na talabijin baƙi ne, na majigi fari fat.

Ni ban sani ba. Giggs ya buga, Sheringham ya farke a minti na 91, aji ya kaure. Wata kusurwar, Sheringham ya sa kai, Solskjaer ya zura ta biyu a minti na 93. Alƙalin wasa Collina ya tashi wasa. Na ce, "Minti uku! Ku duba agogo!" Na naɗe hannun riga.

Abin da mutum arba'in suka gani a bangon bayana shi ne: na buɗe "Kar ɗalibai su gani", harafi kowanne kamar tafin hannu. Na kwafe kan United, na manna shi a saman rahoton Bayern. Daƙiƙa goma aiki ya ƙare. Saura minti biyu da daƙiƙa hamsin, kuma dole a ga ina aiki. Sai na dinga dukan madannai kamar mai sassaƙa, ina rubuta shirme, jjjj kkkk, in goge, in sake. Na ɗaga kai sama kamar mai neman kalma. Na ciji leɓe. Har goshi na dafe, jama'a. Na rubuta sunana sau biyu na goge. Ajin ya yi tsit, ko tari babu, ni kuwa a zuciyata ina cewa yau yaran nan sun ga gwani.

Na miƙe na karanta da muryar da nake ajiyewa don irin wannan rana. Kai ya tafi daidai, United ta ci biyu da ɗaya. Ciki lafiya lau. Na zo jela, bakina ya riga idona: "Lothar Matthäus, mai shekara 38, a ƙarshe ya samu kofin da ya kuɓuce masa a hannun Porto a 1987."

Yarinyar nan ta layin gaba, mai gyara mini kwanan wata a allo kullum, ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, gafara dai. Kofi nawa aka raba a daren?"

Na ce da gangan na bar shi, gwaji ne, ina so in ga wa ke saurare. Ta ce, "To Malam, jjjj ɗin ma gwaji ne?" Sai a lokacin na waiwaya.

Mutumin namu yana bayan aji ya kifa kai a benci, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi, sai ya ɗauki murya irin ta aiki ya ce, "Masu sauraro, mai tsaron gida ya ci gida." Mutumin da a kan iska ya taɓa kiran ɗan wasan da ke benci har rabin lokaci, kun tuna, ni na tura masa takarda ya gyara. Ban tona ba. Na so in tona, lokaci ne ya ƙare.

Na kwashi rubutun yaran na duba da dare. Goma sha ɗaya sun bar jelar Bayern, kamar ni. Bakwai sun ba Solskjaer ƙwallon farko. Ita kuwa yarinyar ta buɗe da Samuel Kuffour na Bayern yana dukan ƙasa da hannu, jelarta kuma kan rashin Keane da Scholes na United da aka dakatar, abin da ko wa ya ci ba zai canza ba. Na nemi inda zan rage mata maki, waƙafi ɗaya na samu.

Mako mai zuwa darasin hira da koci bayan an tashi wasa ne, kuma an ce tare za mu shiga. Na saya wa rimot ɗin majigi jaka mai zif. Jan alƙalamin dai har yanzu bai dawo ba.