Gurmin ba shi da laifi, ɗakin ne

Makon jiya wani bidiyo ya zaga tsakanin ƴan Maraɗi mazauna Faransa. Saurayi ne yake kaɗa gurmi, hannunsa da daɗi, sai wani ya rubuta a ƙasa wai kamar daga cikin rijiya kiɗan yake fitowa. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ɗakin siminti ne mai rufin kwano, fanka na juyawa, wayar tana can nesa wajen mita 3, taga kuma a bayansa, fuskarsa duk ta zama inuwa.

A nan birnin Liyon na Faransa ɗalibin kiɗa yana zaune a ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3. Gado, tebur, wurin wanke hannu, taga mai gilashi biyu, da maƙwabcin da zai buga bango in ƙarfe 10 na dare ta wuce. Sai ya rataya bargo a bangon da yake fuskanta, ya shimfiɗa darduma, ya jingina wayar da littattafai. Waƙa ɗaya zai ɗauke ta sau goma ko fiye, kowane karo abu ɗaya tak yake sauyawa, ya rubuta a takarda: nisan waya, gefen da ya zauna, bargo ɗaya ko biyu. Wannan haƙurin ɗaliban nan sun fi mu shi, ban musa ba. Kunne da hannu dai ba su fi mu ba.

Ɗan'uwa, fara da tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki. In ka ji amo ya dawo, ƙara tabarma da katifa a jikin bango. Kashe fanka, sa wayar a yanayin jirgi. Nisa shi ne komai: duk ninkin nisa yana rage ƙarfin sauti da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), amon ɗakin kuma ya cike gurbin. Saboda haka ari waya ta biyu, ka aje ta santimita 30 zuwa 40 daga ƙwaryar gurmin don sauti kawai, ta hoto ta tsaya a mita 2. Yi tafi kafin ka fara, da shi za ka daidaita sauti da hoto a CapCut, manhajar haɗa bidiyo. Kalangu kuwa a ja shi baya, in ba haka ba sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti da wuya yake gyaruwa.

Fuskanci taga, da hantsi ko bayan la'asar. Goge idon kamarar, ƙurar hunturu ba ta barinsa. In da ƙwan lantarki za ka ɗauka, sa hoto 25 a daƙiƙa maimakon 30, don wutarmu mai bugu 50 ce, rashin daidaiton nan ne ke kawo ƙyaftawar haske a hoto. Ka tura bidiyon a matsayin takarda (document) a WhatsApp, kada a matse shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, abin da yaron Liyon ke nema da barguna muna da shi tun kakanni. Ɗakin laka mai azara, bangonsa da kauri, fuskarsa ba sumul ba, yana shanye amo, yana tare ƙarar kabu-kabu, ga sanyi ko ba fanka. Su muke rushewa muna aza bulo. Tsofaffin makaɗan da suka koyi gurmi a irin waɗannan ɗakuna suna nan a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan bakin Gulbi, da yawansu ba wanda ya taɓa aje musu waya kusa da ƙwarya.