Shirun rediyo ba lafiya ba ne

Jama'a, da zarar an ce hasumiya ta daina jin ɗuriyar jirgi, sai a hau matuƙi da zagi: ai barci ya yi, ai hira ta ɗauke masa hankali. Wani lokaci hakan ne. Amma ni dai ina ganin masu ƙera na'urorin ɗakin tuƙi ma suna da nasu kason laifin.

Ku dubi abin da ya faru a Birazil ranar 29 ga Satumba, 2006. Jirgin Gol mai lamba 1907, ƙirar Boeing 737, ya taso daga Manaus. Wani sabon ƙaramin jirgi ƙirar Embraer Legacy kuma ya nufi Manaus ɗin. Hanya ɗaya, tsayi ɗaya: ƙafa 37,000. Suka gogi juna a saman dajin Amazon. Mutum 154 da ke cikin Boeing duk suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu in akwai. Legacy ya samu ya sauka da mutum 7.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na'urar da ke sanar da rada (na'urar hango jirage daga ƙasa) tsayin Legacy ta daina aiki kusan sa'a guda kafin haɗarin, kuma a akwatin sarrafa rediyo ake kunna ta da kashe ta. Da ta tsaya, na'urar hana karo ma ta tsaya. Me ya gargaɗi matuƙan? Ba ƙara, ba jar fitila. Ɗan farin rubutu ne kawai a jikin allo. Haba! Motar gida ma tana ihu in ka manta bel.

Rediyon ma haka yake. In jirgi ya fita daga zangon mitar da yake kai, ko aka kuskure lamba ɗaya wajen sauyawa, ba abin da zai ce uffan. Shiru kawai, kuma a tsakiyar daji shiru ba baƙo ba ne. Matuƙan Legacy sun yi ta kiran cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Brasília daga baya, ba a ji su ba.

Masu kula da zirga-zirgar sun yi nasu kuskuren, binciken ya nuna. Sai dai kafin a kai gare su, ni a fara gaya mini wanda ya zauna ya yanke cewa farin rubutun nan ya isa.