Wa ya sace "ɗu"?

Bayan isha'i ne, teburin mai shayi ya fara sarari. Sarkin Kiɗa ya taso daga gidan biki, ya jingine kalangunsa a jikin benci yana jiran a soya masa ƙwai. Can ƙarshen bencin Ɗan Boko ne, ya toshe kunnuwa da wayarsa, yana lanƙwasa yatsu, baki na motsi.

Mai Shayi: Malam Bature, in bashina kake ƙirgawa, yatsun hannu ba za su isa ba. Cire takalmi.

Ɗan Boko: Kai komai kuɗi. Awon kiɗa nake ƙirgawa, na Led Zeppelin.

Sarkin Kiɗa: Ledar wa?

Ɗan Boko: Ba leda ba, Baba. Makaɗa ne su huɗu 'yan Ingila, a Landan suka haɗu a 1968. Jimmy Page na kan jita, Robert Plant na waƙa, John Paul Jones na riƙe da jita mai ƙatuwar murya, John Bonham kuma shi ne mai ganguna.

Sarkin Kiɗa: To, Bonham ɗin shi ne mutum. Sauran 'yan amshi ne.

Ɗan Boko: Su Turawa in za su rubuta kiɗa a takarda, sai su sa lamba biyu a farko, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama tana faɗin bugu nawa ke cika awo guda kafin a koma farko. Ta ƙasa tana faɗin girman kowane bugu. Yawancin kiɗansu huɗu bisa huɗu ne.

Mai Shayi: Huɗu bisa huɗu ai ɗaya ke nan. Ni da na tsaya aji uku ma na san wannan.

Ɗan Boko: Ba lissafin makaranta ba ne. Ɗauke shi kamar mudu. Ta sama gwangwani nawa ke cika mudun, ta ƙasa wane irin gwangwani.

Mai Shayi: Yanzu ka yi Hausa.

Ɗan Boko ya zare abin kunnen, ya ɗora wayar kusa da gwangwanin madara, ya ƙure murya.

Ɗan Boko: Wannan "The Ocean" ce, ta 1973. Ku saurara, da farko za ku ji Bonham da bakinsa yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. To ku bi ni. Sa'ar da muka yi, lambobinmu na Hausa kowace gaɓa biyu gare ta, kowace gaɓa rabin bugu ke nan. Ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu. Ɗa-ya...

Mai Shayi: Tsaya, tsaya. Ina "ɗu"?

Ɗan Boko: Babu shi. Awo na farko gaɓa takwas, na biyu bakwai. Huɗu bisa huɗu, sai bakwai bisa takwas. Jimla sha biyar maimakon sha shida.

Mai Shayi: Inna lillahi. Mutum ya ƙirga huɗu da bakinsa a gaban shaidu, ya zo awo ya ba da uku da rabi? Wannan ai tauye mudu ne. A kasuwarmu da tuni an kai shi gaban sarkin awo.

Ɗan Boko: Fasaha ce, ba sata ba. Wannan rabin da suka cire shi ke sa kiɗan ya fizge ka gaba kafin ka shirya.

Mai Shayi: Haka ɓarawon waya ma yake yi.

Sarkin Kiɗa: Yaro, daina surutu, tafa mana mu ji.

Ɗan Boko ya gyara zama ya fara tafi. Zagaye na farko ya tafi daidai. A na biyu ya tafa "ɗu" ɗin da ya ce babu, a na uku kuwa waya na gabas yana yamma, har gwiwar hannunsa ta ture cokalin sukari.

Ɗan Boko: Bencin nan ne yake rawa.

Sarkin Kiɗa bai tanka ba. Ya jawo kalangu ya matse a hammata, ya ɗauki gula, ya bar kiɗan ya zaga sau biyu yana kaɗa kai. A na uku ya shiga, ya sauka daidai inda Bonham ya sauka, har da ƙari na ado. Mai gadin kantin da ke gefe ya leƙo.

Ɗan Boko: Baba, a nawa ka ƙirga shi?

Sarkin Kiɗa: Ƙirga me? Mutum ne yake tafiya lafiya lau, taku takwas, sai ya taka ƙaya ya ɗage ƙafa da wuri. Kowane zagaye a wuri guda yake taka ƙayar. In ka san inda take, ai sai ka ɗage tare da shi.

Ɗan Boko: To amma a ƙa'ida...

Sarkin Kiɗa: A ƙa'ida kai ka zubar da sukari. Sa wata.

Ɗan Boko: Bari in sa wadda za ta kayar da kai. "Kashmir", 1975. Nan ba a sace komai ba. Ganguna suna tafiya huɗu-huɗu, jita kuma uku-uku, a lokaci guda. Sun tashi tare, sai su rabu, ba su sake haɗuwa sai a bugu na goma sha biyu. Ganga ta yi zagaye uku, jita ta yi huɗu.

Mai Shayi: Wannan kam na gane shi tun kafin ka gama. Mai biredi duk kwana uku yake zuwa karɓar kuɗinsa, mai madara duk kwana huɗu. Ran na sha biyu su iso tare. Ranar ce nake barin yarona a tebur in ce na tafi ta'aziyya.

Ɗan Boko: Wallahi shi ne. Ko littafi bai faɗa haka ba.

Sarkin Kiɗa ya saurara, ƙafarsa ta dama na bin ganga, yatsun hagunsa na bin jita a kan fatar kalangu.

Sarkin Kiɗa: Wannan ba sabo ba ne a wurinmu, 'yan mata ma suna yinsa a lugude, taɓarya na shiga tsakanin taɓarya. Amma zan faɗi gaskiya, mutumin nan yana da haƙuri. Jita na jan rigarsa minti takwas da wani abu, bai waiwaya ba. Yaran da nake koya wa, da tuni sun bi ta. Shi Kashmir ɗin garinsu ne?

Ɗan Boko: Ina! Lokacin da Plant ya rubuta waƙar bai taɓa zuwa can ba. Hamadar kudancin Maroko ya ratsa a mota.

Sarkin Kiɗa: Ashe ɗan'uwa ne. Mu ma mukan yi wa mutum kirarin Makka da Madina alhali bai taɓa wuce Zariya ba.

Ɗan Boko: Akwai "Four Sticks" ta 1971, ita biyar-biyar take tafiya, ta koma shida-shida. Ta ba su wahala wajen ɗauka, har Bonham ya kama sanda biyu a kowane hannu. Sunan ke nan, sanda huɗu.

Sarkin Kiɗa: Ni gula ɗaya ta aurar da 'ya'ya tara. Yana nan da rai?

Ɗan Boko: Ya rasu a 1980, yana da shekara 32. Sauran ukun suka ce ba za su ci gaba ba tare da shi ba, ƙungiyar ta watse.

Sarkin Kiɗa: Ka ji masu mutunci. Ni ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, kafin la'asar uwar biki ta ɗauko wani yaro mai kwamfuta.

Ɗan Boko ya miƙe yana karkaɗe sukari daga wando, ya miƙa dubu ɗaya.

Ɗan Boko: Na yau kawai, shayi da biredi, ɗari shida. Tsohon bashi sai wata ya yi.

Mai Shayi ya buɗe gwangwanin canji, ya ƙirgo masa a tafin hannu.

Ɗan Boko: Kai, ɗari uku da hamsin ne wannan. Canjina ɗari huɗu.

Mai Shayi: Ɗari hu.

Sarkin Kiɗa: Saura nawa kuma, yaro. Na yi maka kiɗa zagaye bakwai, ni kuwa ban san Ingila ba, cikakken mudu nake karɓa.