Yaro ya ci 50, kwamfuta ta ba shi D7

Wallahi na gaji da shan faɗan iyaye a kan laifin da ba nawa ba. Duk ƙarshen zango makarantarmu da ke Ɗorayi sai ta tattara makin ɗalibai ta kai wa wani mai shagon kwamfuta ya buga rifot. Daga aljihun iyaye ake biyansa, amma aikin da ya dawo mana da shi wannan karon abin kunya ne.

Ma'aunin nan kowa ya san shi, irin na WAEC muke bi: 75 zuwa 100 A1, 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, daga 64 zuwa 50 nan C4 da C5 da C6 suke, 45 zuwa 49 D7, 40 zuwa 44 E8, abin da ya gaza 40 kuma F9. Mene ne mai wuya a nan? Amma ga yarinya a ajina ta ci 75 cif a Turanci, an buga mata B2. Wani yaro ya ci 50 a Lissafi, an ba shi D7. Mai 40 kuwa F9 ya tashi da shi, wato ya faɗi ke nan. Duk wanda makinsa ya tsaya daidai kan iyaka an tunkuɗa shi ƙasa.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. C6 kiredit ne, D7 ba kiredit ba ne, kuma duk uban da ke da ɗa a babbar sakandare ya san jami'a kiredit biyar take nema, har da Turanci da Lissafi. Shi ya sa mahaifin yaron ya tare ni a bakin get yana huci: "Malam, ku ne masu danne wa yara maki!" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ga rijista ka duba." Ga 50 nan da birona, ga D7 a takardar kwamfuta. Yaron na tsaye gefe idonsa ya yi ja, don tun a gida ya sha nasa faɗan.

Na hau adaidaita na tafi shagon. Abin da mutumin ya tarbe ni da shi shi ne wai kwamfuta ba ta kuskure. Na matsa sai da ya buɗe Excel, manhajar lissafin da ya yi aikin da ita. Ashe ya jera IF a cikin IF, wato umarnin da ke cewa in maki ya kai kaza a ba shi kaza, ko'ina ya sa alamar > kawai, ma'ana sai maki ya wuce 75, alhali >= ake sawa don 75 ɗin kanta ta shiga. Alama ɗaya tak ta ɓata wa makaranta guda sakamako.

Abin da ya fi ƙona min rai, hanya mai sauƙi tana nan. A yi ɗan tebur, a rubuta mafi ƙarancin makin kowane mataki daga ƙasa zuwa sama: 0, 40, 45, 50, 55, 60, 65, 70, 75, kowanne da harafinsa a gefe. Sai a sa VLOOKUP, umarnin Excel mai duba tebur, a rubuta masa TRUE a ƙarshe, shi zai ɗauko matakin da maki ya kai ko ya wuce. Sharaɗinsa kawai jerin ya fara daga ƙarami, in an juya shi amsa ta lalace. Sannan mai 74.5, da allo ke nunawa 75 amma lissafi ke ɗauka a matsayin B2, makaranta ce za ta yanke hukuncinsa, in an yarda a cike masa a sa ROUND, umarnin da ke mayar da shi 75. Mutumin da ke cin abinci da wannan sana'a bai san waɗannan ba!

Duk da haka wai sai an sake biyansa kafin ya sake bugawa, tawada ta yi tsada, man janareta ya yi tsada. Mu ne muka ɓata aikin?

Na gaya wa mai makaranta, kuma ina maimaitawa a nan: kada a ƙara masa ko kwabo, ya gyara da kuɗinsa. Kafin a buga ko takarda ɗaya, a shigar da 39 da 40, 49 da 50, 74 da 75 a gabanmu mu ga abin da zai fito. In ba a yi haka ba, ni dai ba zan sa hannu a rifot ɗin ajina ba.