Ba Amurka ba ce ta halasta, jihohi ne, kuma jiha na iya cewa a'a

Kun dai ji abin da bawan Allan nan ya faɗa a rediyo shekaranjiya, wai tunda Amurka ta halasta kartar poka ta intanet tana kwasar haraji, mu ma a Najeriya mu daina bori mu buɗe ƙofa. Raina ya ɓaci, domin matasa na sauraro, kuma maganar ba haka take ba.

Malam, Amurka ba ta halasta ba. Jihohi ne, kuma ba su kai goma ba cikin hamsin. Nevada da Delaware da New Jersey suka fara a 2013, Pennsylvania ta bi a 2019, Michigan a 2021. Jihar Utah kuwa babu cacar da ta yarda da ita, ko ta kwabo ɗaya, Hawaii ma ba ta yarda da gidajen caca ba. Su ba Amurka ba ne? Me ya sa idan za a kawo mana misali sai a tsallake waɗanda suka ƙi?

Su ma da suka yarda, wuya ce ta sa. A 2006 majalisar tarayyarsu ta hana bankuna tura kuɗi ga gidajen cacar intanet da ke karya doka. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukuma ta rufe shafukan poka na PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. Da aka buɗe littafin Full Tilt, 'yan wasa na bin kamfanin kusan dala miliyan 390, abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Bayan wannan ne wasu jihohi suka ce a kawo abin gabanmu mu sa ido: sai ka kai shekara 21, kuma sai wayarka ta nuna kana cikin iyakar jihar.

Za a ce ai poka dabara ce, ba sa'a ba. Ku bar wannan zancen. Kuɗin da gwani ya ci daga aljihun wa ya fito? Za a ce haraji. E, Pennsylvania na karɓar kashi 16 cikin ɗari na abin da kamfanin ya samu, amma lasisin nan kuɗin da ke asusunka kawai yake tsarewa kada a gudu da shi. Ba ya hana ka zubar da jarinka da hannunka ƙarfe biyun dare.

Abin da nake ta nanatawa ke nan: ikon jiha ne. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a jihohi, ta ce hurumin majalisun jihohi ne. To in Legas ta zaɓi ba da lasisi, Kano na da cikakken 'yancin ƙi, kamar yadda Utah ta ƙi. Wanda ya kira wannan ci baya bai karanta misalin da shi kansa ya kawo ba.

Wallahi ba don musu nake wannan rubutu ba. Na ga yaron da ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa saboda caca a waya, na ga yadda ta kasa ɗaga kai a gidan suna.

Ku kuma gidajen rediyo, don Allah in kun gayyato baƙo ku riƙa barin layin waya a buɗe. Na kira ya fi sau goma, sai talla kuke sa mana har lokaci ya ƙare.