Matasa, Kada Mu Raina Mannar da Muke Ci

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana majami'a sannu a hankali, kuma tana cin mu ta ciki. In lokacin ba da shaida ya yi a sujadar Lahadi, masu tashi kusan iri ɗaya ne: wanda ya samu aikin gwamnati, wadda aka ba biza, wanda ya sayi mota ko ya tare a sabon gida. Muna taya su murna, kuma haka ya dace. Amma yaron da ke zaune a benci na baya, wanda ya gama bautar ƙasa shekara uku ke nan yana yawo da takardu, me yake ɗauka ya koma gida da shi? Yana komawa da tunanin cewa Allah ya raba albarka, shi kuwa ba a kira sunansa ba. Wannan tunani ƙarya ne, kuma mu ne muka koya masa da irin abin da muka zaɓa mu kira albarka.

Ba ina cewa babu wahala ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota, kuɗin makaranta, mudun masara, maganin zazzaɓi, komai ya bi ta. Gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Wanda ya ce maka ka yi kamar ba ka ga waɗannan ba, bai yi maka adalci ba.

Sai dai ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 11 ku ga wani abin tsoro. Isra'ilawa suna jeji, inda ba gona ba kasuwa, amma kowace safiya abinci yana sauka tare da raɓa. Me suka ce? Suka fara tuna kifin Masar, da kankana, da albasa, da tafarnuwa, suka ce ba abin da idonsu ke gani sai wannan manna. Ku lura, ba yunwa ce ta sa su gunaguni ba. Ciki a cike yake. Sabo ne ya rufe musu ido. Abin da su da kansu suka gani ranar farko suka yi mamaki, da ya yi ta zuwa kullum sai ya zama abin raini, har suka manta da bulalar shugabannin gandu, suka tuna albasa kaɗai.

Kuma manna ba ta zuwa da rumbu. Fitowa sura 16 ta nuna cewa an umarce su kowa ya tara abin yini ɗaya, wanda ya ɓoye na gobe kuwa ya tashi ya tarar da tsutsa da ɗoyi, sai dai ran jajibirin Asabar. Shekara 40 ana haka. Yawancinmu yau irin wannan tanadi muke ci: ba mu da na wata mai zuwa, amma ba mu kwana da yunwa jiya ba. Wani ɗan aikin hannu ya faɗo, wata goggo ta aiko da kwanon wake, mai shago ya yarda ya ba ka bashi. Mun saba kiran wannan "maneji", alhali kuwa ita ce addu'ar da Yesu ya koya mana, ta abincin yini, ake amsa mana ita kowace rana. Akwai ma wata aya da nake so kowane matashi ya haddace, Maimaitawar Shari'a 8:4, inda Musa ya tuna musu cewa duk tsawon shekarun nan tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu kuma ba su kumbura ba. Wato akwai albarkar da ba a ganinta domin ita abin da bai faru ba ce. Hanyar da ka bi lafiya, ciwon da ya tashi da magani ɗaya, tsohon takalmin da ya ƙi yagewa har ka samu kuɗin wani.

Wayar hannu ta ƙara mana wannan makanta. Ka kwanta da dare kana duba Facebook da TikTok, kana ganin bikin wane da motar wance, kafin barci ya ɗauke ka ka riga ka yanke wa rayuwarka hukunci. Asaf ya faɗi a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame domin ya yi ƙyashin masu girman kai da ya ga suna wadata. Shi a ƙofar gida ya gan su. Mu muna ɗauke da dubbansu a aljihu.

Amma bari in ja kunnen wani ɓangare kuma, domin kuskuren nan ya fi ciwo. Akwai masu zuwa gidan makoki su ce wa uwar da ta binne ɗanta, "Ki daina kuka, Kirista ba ya kuka, ki gode kawai." Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Ayar nan da muke ƙauna, cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, tana tsakiyar littafin Makoki ne, wanda aka rubuta a kan Urushalima da aka ƙone. Habakuk kuma, kafin ya ce zai yi murna cikin Ubangiji ko da itacen ɓaure bai yi toho ba, ko da garke ya zama wofi, sai da ya fara da tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji shi ba. Mutanen nan ba su ɓoye raunin ba. Sun kai shi gaban Allah, kuma a nan gabansa suka tuna da abin da bai ƙwace ba. In ɗan'uwanka yana kuka, Romawa 12:15 ta gaya maka aikinka: ka yi kuka tare da shi. Lokacin ƙirga albarka zai zo, kuma shi ne zai ƙirga da bakinsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta fara ne a Garkida a 1923. A 2014 yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok 'ya'yanta ne, a ƙarshen Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta kama hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos da hijira. An ƙone majami'u, an watsa ikilisiyoyi. Duk da haka waɗanda suka warwatse sun ci gaba da taruwa a sansanonin gudun hijira da ƙarƙashin itatuwa, kuma a 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100. Waɗanda suka raira waƙar yabo a wannan biki ba su manta da matattunsu ba. In su sun sami abin godiya, ya kamata mu sake duba namu lissafin da kyau.

Abu na ƙarshe da yake damuna shi ne godiyar da ke tsayawa a zuciya. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, kuma na tabbata duk goman sun ji daɗi. Ɗaya ne kawai ya juyo ya faɗi a ƙafafunsa, shi ma Basamariye. Yesu ya tambayi ina tara ɗin. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma sau da yawa Allah ta hannun mutum yake aiko da kyautarsa, wani lokaci ma ta hannun da ba ka zata ba. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Limam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa lokacin da maharan suka shigo. Naka mai taimakon wataƙila mahaifiyarka ce da ta sayar da akuyarta don kuɗin jarrabawarka, ko maƙwabcin da ya ɗauki ƙanenka a babur zuwa asibiti tsakar dare. Ka taɓa komawa ka ce musu na gode, da sunan abin da suka yi?

Shugabannin zumuntar matasa, ku ma da aiki a gabanku. Ku buɗe fili ga mai cewa, "Wannan mako mun ci abinci kullum," ku amsa masa da Amin mai ƙarfi kamar yadda kuke amsa wa mai sabuwar mota. Ranar godiyar kaka kuma kada wani ya zauna a gida don mudu ɗaya kawai yake da shi, ko don bana gonar ba ta yi ba. Ya kawo mudun, dattawa su karɓa da hannu biyu, a raba wa gwauraye da marayu da ke cikinmu kafin mako ya ƙare.