Ku tsare wa hamsta darensa

Ƙannena ɗalibai masu bincike da hamsta (ɗan dabba mai kama da ɓera) a ɗakunan gwaji na Jidda da Makka, ku ba ni aron kunnuwanku. Aikin wata uku na iya lalacewa saboda ɗan hasken da kuka raina, kuma ba za ku gane ba sai ranar da alƙaluma suka ƙi haɗuwa.

Finiyal ɗan ƙullin nama ne a cikin kai, na hamsta bai fi ƙwayar gero ba. Shi ke samar da melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Da rana wani sinadari mai suna serotonin yake tarawa. Idan duhu ya shiga, ido kan sanar da agogon ƙwaƙwalwa, saƙon ya bi ta jijiyoyin wuya, su saki sinadarin noradirenalin a kan finiyal. Shi ke tayar da sinadarin AANAT, wanda ke fara juya serotonin zuwa melatonin. Hamstan Siriya kuwa ba ya gaggawa, sai duhu ya yi awanni kafin melatonin ya hau, ya kai ƙololuwa can wajen ƙarshen dare. Wanda ya ɗebi samfuri awa 2 bayan kashe wuta ya ce bai ga komai ba, gaggawarsa ce ta cuce shi.

Jikin dabbar yana auna tsawon lokacin da melatonin ya yi a sama ne. In ya daɗe, jiki ya ɗauka hunturu ya zo. A 1967 masu bincike Gaston da Menaker suka nuna cewa namijin da ke samun haske ƙasa da awa 12 da rabi a yini, marainansa kan motse cikin makonni. Kafin su, a 1965, Hoffman da Reiter sun nuna cewa in an cire finiyal, hakan ba ya faruwa.

To ku dubi inda muke. A Makka yini yakan kai kusan awa 13 da minti 25 a watan Yuni, ya sauko kusan awa 10 da minti 50 a Disamba. Ke nan hasken taga yana tsallaka wannan iyakar sau biyu a shekara. Don Allah ku toshe tagar gaba ɗaya, ku liƙe ƙasan ƙofa, domin fitilar baranda ba ta mutuwa. Ku sa agogon kunna wuta a kan awa 14 haske da awa 10 duhu don dogon yini, awa 10 haske da 14 duhu don gajere, ku riƙa duba shi kullum, musamman bayan ɗaukewar lantarki. Sababbin dabbobi ku bar su aƙalla mako 2 su saba.

Abin da ya fi damuna shi ne shigar dare. Nan ƙasar an saba da harka bayan Isha'i, sai ka ga ɗalibi ya leƙa keji da fitilar waya, wai minti ɗaya ne kawai. Ɗan'uwa, farin haske na 'yan mintuna ya isa ya zubar da melatonin na wannan daren. Jar fitila mai rauni za ka riƙe, wayar ta tsaya a waje. Ka ɗebi samfuri duk awa 2 har yini ya zagayo, ka kai shi firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri nan take.

In haske ya kuɓuce, ka rubuta ranar da lokacin a littafin aiki, ka gaya wa malaminka. Ɓoyewa cin amana ce, ga rayukan dabbobin da aka yanka a banza. Kuma kada ka haɗa waɗanda suka haura mako 20 a gajeren yini da na mako 10, domin na farkon sun daina jin saƙon melatonin, marainansu sun fara komawa girmansu da kansu.